Ina son shawo kan yayana, amma kullum da musu muke ƙarewa

Ƴar Auta: Assalamu alaikum. Yayana yana da hawan jini, likita ya ɗora shi a kan magani, shi kuma ya ajiye wai ya ji sauƙi. Duk sanda na taso da maganar nakan jero masa hujjoji: ciwon yakan yi ɓarna ba tare da alama ba, yana kawo shanyewar ɓarin jiki, yana taɓa ƙoda. Ko ɗaya bai taɓa ƙaryatawa ba, amma sai ƙara kafewa yake. Jiya a gaban matarsa ya ce min, "To likita, mun ji," ya tashi ya fice. Hankalina a tashe yake. Ina iyakar shawo kan mutum da yin gardama da shi?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, ƴata. Mai gardama so yake a ce shi ke da gaskiya. Mai shawo kai so yake aikin ya yiwu, ko da ba za a taɓa cewa shi ya kawo shawarar ba. Yadda kika ɗauko zancen, ranar da yayanki ya haɗiyi ƙwayar nan, ya yarda ke nan ƙanwarsa ta kayar da shi, a gaban iyalinsa kuma. Ai dole ya hau kujerar naƙi.

Akwai wani likita mai suna Ignaz Semmelweis, a asibitin birnin Vienna na ƙasar Austria. A 1847 ya sa likitoci su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su duba masu naƙuda, mace-macen masu jego a ɓangarensa ya sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa kusan kashi 2. Hujja ta wuce wannan? Amma da manyan likitoci suka ƙi karɓa, sai ya shiga rubuta musu buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Har ya rasu a 1865 akasarinsu ba su bi shi ba, mata kuwa suka ci gaba da mutuwa. Labarin nan yana ci min rai.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƴar uwa, kin taɓa tambayarsa abin da ya sa ya daina, sannan kika yi shiru har ya gama? Wasu magungunan hawan jini suna sa busasshen tari, wasu kumburin ƙafa, wasu yawan fitsari, wasu ma sukan taɓa ƙarfin namiji, abin da ba zai iya faɗa wa ƙanwarsa ba. Duk likita na iya canza su. Ke kina amsa "na ji sauƙi", alhali wataƙila ba nan matsalar take ba.

Ɗalibi: Malam, a yi min afuwa, ni ban ga laifin jayayya ita kanta ba. Aya ta 125 a Suratun Nahl ta ce a yi ta ta hanya mafi kyau. Tana da amfani idan duka biyun sun zauna ne don auna hujja. Yayan nata dai bai zauna don haka ba.

Ƴar Auta: Na gode ƙwarai. Zan same shi shi kaɗai, in tambaye shi yadda maganin yake masa a jiki. Idan ya kasa faɗa min, akwai amininsa da yake jin maganarsa, zan roƙe shi ya raka shi a sake auna jinin.