Miyar da ba magi: tana ciwuwa ko ba ta ciwuwa?

Kawu Sale: Assalamu alaikum 'yan gida. Maganar da na yi ita zan maimaita a rubuce, tunda an ce wasu ba su ji daɗinta ba. Magi bai ƙara wa miyarmu komai ba, rage mata ya yi. Ka ci miyar kuka a Gwammaja, ka je Hotoro a ba ka ta kuɓewa, a harshe duk abu guda ne, launi ne kawai ya bambanta. Da kuwa kowace mace da hannunta, ko an aiko da kwano ba a faɗi daga ina ba, kana kai loma za ka san gidan. Ina nan a kan bakana: miyar kuka in ta samu daddawa mai kyau, da ɗan wake, da man shanu, ba ta neman dunƙule ko ɗaya.

Yaya Rabi: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni dai girkin biki nake yi, da shi nake ci da 'ya'yana, don haka ba zan yi shiru ba. Miyar da kuke tunawa ba daddawa ce kaɗai ta sa ta daɗi ba. Da ƙashi a ciki, da kitse, da man shanu na gaske. Yau mace za a miƙa mata kuɗin cefanen da ko rabin kilon nama ba zai saya ba, a ce ta ciyar da mutum goma. Me za ta zuba? Dunƙule biyu ne ke rufa mata asiri. In na kai wa masu biki miya ba magi, wallahi sai an ce ta yi lami, kuma ba za a sake kirana ba.

Maman Hanif: Gaskiyar Yaya Rabi ne. Kawu a yi min haƙuri, amma ni warin daddawar ne ba na iyawa. In na jefa ta a tukunya, har labule sai ya ɗauka. Yara kuma da sun ji sai su ture kwano.

Kawu Sale: Rabi, kin kawo hujjata da kanki. Aikin da kika ce magi yana yi wa marar nama, ai shi daddawa take yi tun kaka da kakanni. Su ma mutanen da ba kullum suke ganin nama ba, sai ranar kasuwa ko Sallah. Ke kuma Maman Hanif, yaro abin da aka saba masa shi ya sani.

Bashir: Ni ina bayan Kawu, amma ta wata hanyar. Mu da muke ci a waje mu muka san abin da ake yi. Mai shayi zai fasa ƙwai biyu ya murje dunƙule guda a ciki, ya soya maka taliya da nata garin, ya ƙara da wani. Yajin awara rabinsa magi ne, haka na ɗanwake. Kuma farin magin nan, an ce da shi ake wanke farin kaya da baƙin tukunya. Abin da zai cinye tsatsa me zai yi wa hanji?

Nafisa: Yaya Bashir, wannan ta ƙarshen ba ta da tushe, kada mu yaɗa ta. Lemon tsami ma ana goge tukunya da shi, kuma muna matsa shi a kunu. Ku ba ni dama in faɗi abin da muka karanta a kimiyyar abinci, don ni da na gane shi sai da na yi mamaki.

Garɗin da Kawu yake ji a daddawa da wanda Yaya Rabi take nema a magi, tushensu ɗaya ne. Wani sinadari ne da ake kira gulutamet. Wani malamin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya ware shi a 1908 daga wata ciyawar teku da suke romo da ita, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin da muke saya a ƙulli. Yanzu daga rake ko rogo ko masara ake samar da shi. Shi kuma dunƙulen, sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, kamfanin Nestlé ya mallaki sunan a 1947. To ita kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa da ake yin daddawa da su, in an dafa ta an rufe, ƙwayoyin halitta ne suke narka furotin ɗin da ke cikinta, wato sinadarin gina jiki, su saki wannan gulutamet ɗin dai. Warin da Anti Maman Hanif take gudu, daga wannan aikin yake fitowa.

Inda suka rabu shi ne abin da ya rako shi. A dunƙule, kusan rabinsa gishiri ne. A daddawa kuwa furotin ne da mai, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta furotin ne, kuma in ba mai yin ta ce ta barbaɗa ba, babu gishiri a cikinta.

Yaya Rabi: To kin gani. Tunda abu ɗaya ne, a bar kowa ya ɗauki wanda ya fi masa sauƙi.

Nafisa: Ban ce abu ɗaya ba ne Yaya, tushen garɗin na ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mu kuwa mu sa dunƙule, mu sa fari, mu sa gishiri, wata ta ƙara kanwa, sannan a ci da yaji mai magi. Gidan nan mutum nawa ne suke shan maganin hawan jini? Amma in yi adalci: ana ƙara wa dunƙulen sinadarin aidin mai hana maƙoƙo, wasu har da na ƙarin jini. Kuma daddawar da ake sa wa a tukunya ba ta da yawan da za a ce ta maye gurbin nama, a nan Kawu ya ɗan zarce.

Kawu Sale: Na karɓi gyara a kan nama, 'yata. Maganar wanke tukunya ma ba na buƙatarta, gaskiya ta ishe ni.

Gwaggo Talatu: Ummi ce ke rubuta min, ni ina faɗa. Na ji duk abin da kuka ce. Maman Hanif, ba daddawa ce ke miki wari ba, yadda kike sa ta ne. Kuna jefa ta a ƙarshe kamar magi, alhali ita farkon shiga take. Ki daka ta da citta da masoro da barkono da ɗan busasshen kifi in akwai, ki zuba tun ruwa bai tafasa ba, tare da wakenki da kika surfa. Ki bar su su yi ta dahuwa har waken ya narke. In kin ji warin ya kwanta ƙamshi ya taso, sannan ki kaɗa kuka. Gishiri daga baya, bayan kin ɗanɗana.

Kuma ku san wahalar da ke cikinta kafin ku raina ta. Kalwa ƙwallo ne mai taurin gaske. Yini guda ake yi ana dafa ta, wani lokaci har ta kwana a kan wuta. A sauke a surfa a turmi ɓawon ya fita, a wanke a rege, a sake mayar da ita wuta. Sannan a juye a kwando a lulluɓe a ajiye a ɗaki mai ɗumi, kwana biyu zuwa uku, sai ta yi laushi ta kama jikinta. A kirɓa, a faɗaɗa da hannu, a shanya. Mahaifiyarmu a Mandawari ba ta taɓa sanin dunƙule ba, kuma ɗumamenta da safe ya fi tuwon dare. Ku gwada ku gani: miyar daddawa in ta kwana ƙaruwa take, ta magi kuwa in an ɗumama sai gishiri ya fito fili.

Yaya Rabi: Gwaggo, a kan ɗumame ba ni da ja, na sani. Amma ku faɗi ɗaya gefen. Sau nawa mutum yake tauna ƙasa a miya? Wasu masu daddawa da yashi suke surfen, su shanya a ƙasa, ƙuda na bi. Ni in baƙo ya tauna tsakuwa a abincina, sunana ne ya ɓaci, ba na mai daddawa ba. Dunƙule kuwa a naɗe yake zuwa, na yau da na gobe duk ɗaya. Na shiga kasuwar Singa na ɗauki katan, na san abin da na saya.

Kawu Sale: Wannan kukan gaskiya ne, kuma ni a kasuwar Dawanau ina ganin dalilinsa. Kalwa ta yi wuya. Ɗorawa itaciya ce da take shekaru kafin ta fara 'ya'ya, sau ɗaya take bayarwa a shekara, da bazara kafin ruwa ya sauka. Da manomi ba ya sare ta a gona, don babu abin yarwa a jikinta: yara su sha garin, mata su ɗauki kalwa, ɓawon a jiƙa a yi makuba a yi daɓe da shafen katanga. Yanzu gonakin da ke kewaye da birni an yanka su fuloti, na nesa kuma masu gawayi da itace sun sa su a gaba. Shi ya sa masu yi da yawa suka koma waken suya, ko su gauraya. Ba haramun ba ce, tana ciwuwa, amma ba ta kai ta kalwa ƙarfi ba. Yaran yanzu da yawa ita suka ɗanɗana suka ce daddawa ba daɗi. Ta batso ma, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, wa ya san ta a cikinku? In muka daina saye gaba ɗaya, mai yi za ta daina, manomi kuma ba shi da dalilin barin itaciyar a tsaye. Abin da ke ci min rai ke nan, ba santi kawai ba.

Bashir: Ni tambayata, miyar dage-dage fa? Ita ma daddawar za a sa?

Gwaggo Talatu: A'a. Kowane abu da muhallinsa. Kuka, kuɓewa, karkashi, ayayo, taushe, dafa-dukan manja da kifi, yajin mai jego, nan ne gidanta. Miyar tumatir ta shinkafa ba na sa mata.

Yaya Rabi: To Kawu, kun ji daga bakin Gwaggo. Ashe akwai tukunyar da daddawa ba ta shiga. A nan me za a sa in ba magi ba?

Kawu Sale: Miyar tuwo na yi magana a kai tun farko, Rabi, koma ki duba. Dage-dage ku sa abinku.

Yaya Rabi: Ko a miyar tuwon, ni ban sauka ba. A gidana ina haɗa su, daddawa a farko, dunƙule guda a ƙarshe maimakon huɗu, kuma kowa yana suɗe kwano. A girkin biki kuwa ba zan yi caca da sana'ata ba. Mutanen da nake dafa wa harshensu ya riga ya saba, ba ni ce zan gyara shi a yini ɗaya ba.

Nafisa: Daga huɗu zuwa ɗaya ba ƙaramin ragi ba ne Yaya. Abin lura kawai, kada a rage dunƙule a cike gurbin da gishiri.

Maman Hanif: Gwaggo, in zan gwada, ta yaya zan gane mai kyau? Kada in je a haɗa ni da mai ƙasa.

Gwaggo Talatu: Ki je kasuwar Rimi wajen masu kayan miya, kada ki aiki yaro. Ta kalwa baƙa ce sosai, ta waken suya tana da haske, ta fi kusa da ruwan ƙasa. Ki ɓantari kaɗan ki jiƙa ki murza tsakanin yatsu, in da yashi za ki ji shi nan take. Wadda ta yi farin fumfuna ko take da danshi a ciki, ki bar ta. In kin kawo gida ki ƙara mata rana guda a faranti a rufe da rariya, ki dake ta da kayan ƙamshinki, ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Ki fara da rabin cokali saboda yaran, kuma kada ki cire musu magin gaba ɗaya a ranar farko.