Metallica ko Megadeth: kunnena ne ke zaɓa ko tsohon ciwo?

Mai_Walda_Gusau:

Assalamu alaikum. Na san mu masu jin kiɗan metal, kiɗan Turawan nan mai ƙarar jitar lantarki da ganga, a ƙasar nan ba mu cika motar haya ɗaya ba, amma ko mutum uku ne a zo a raba mu gardama.

Ni walda nake yi a Tudun Wada nan Gusau: ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ƙafar tanki in ta samu. Yadda na faɗa kiɗan nan ma abin dariya ne. Shekara bakwai ke nan na kai memori wurin masu tura waƙa na ce a zuba mini Ɗan Anace da Kassu Zurmi. Ashe yaron ya haɗo da wasu waƙoƙi da wani ɗan bautar ƙasa ya bar masa a kwamfuta. Ina tsakar yankan rodi sai abu ya ɓarke mini a kunne kamar an tada injin niƙa goma lokaci guda. Na ɗauka wayar ce ta lalace. Hannuna na cikin aiki, ban samu cirewa ba, kafin in gama yanka sai na ga ƙafata tana bin gangar. Daga baya na gane wata ƙungiyar makaɗan Amurka ce, Megadeth, faifansu na 1990, Rust in Peace. Mutumin da ya tashi da kiɗan 'yan tauri ba zai rasa gane wannan ba, kiɗan tsuma ne, harshe ne kawai ya bambanta.

To akwai abokina mai cajin waya a gefen shagona, shi ɗan ƙungiyar Metallica ne na a mutu. Kullum in an ɗauke wuta muka zauna kan benci sai mun taɓa.

Ga abin da nake riƙe da shi. Dave Mustaine shi ne mai jitar gaba na Metallica tun suna yara a Los Angeles. A watan Afrilu na 1983, sun je New York za su ɗauki faifansu na farko, suka tashe shi daga barci da safe suka ce an sallame shi. Ko tikitin jirgi ba su ba shi ba, bas suka sa shi, kwana huɗu yana hanya. Suka ɗauko Kirk Hammett ya maye gurbinsa. Sannan faifan ya fito da waƙa huɗu masu sunan Mustaine a cikin marubuta, na biyu kuma da guda biyu. Wato an kori mutum an riƙe kayan aikinsa. Shi kuwa ya koma gida ya kafa Megadeth da niyyar ya fi su sauri, ya fi su zafi. Akwai ma waƙa guda da kowa ya fitar da tasa: su suka kira ta The Four Horsemen, shi ya kira ta Mechanix ya kuma ƙara mata gudu kamar ana bin sa bashi.

Abokin nawa ya ce mini, “Kai ba kiɗan kake so ba, kanka kake gani.” Maganar ta tsaya mini a wuya, don ya san labarina. Shekara shida na yi ina yaron shago. Saura wata uku a yaye ni muka samu saɓani da maigidana. Ina da zafin kai lokacin, ban musa ba. Da safe, gaban yara, ya miƙo mini kuɗin mashin ya ce in je Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Akwai wani zanen ƙofa mai ganyen dabino da ni na fara lanƙwasa shi a shagon, har yau suna yin sa, in na wuce ina gani.

Don haka nake tambayar waɗanda ba su da ciwo irin nawa: in aka ajiye labarin kora gefe, aka bar kunne kawai, wa ya fi barin abin gado?

Bagwandu_BK:

Wa alaikumus salam. Malam mai walda, Allah ya huci zuciyarka, amma abokinka ya fi ka gaskiya.

Na farko, ka ba da labarin kamar Mustaine waliyyi ne aka zalunta. Dukansu suna sha a lokacin, sai dai shi in ya sha faɗa yake nema. Ya taɓa kai wa James Hetfield, mawaƙin Metallica, naushi, ya kuma tuttula giya a jitar mai bes ɗinsu na farko, wato mai kaɗa jita mai kaurin murya. Ko a shagonka, yaron da ya fi kowa hannu amma kullum sai an raba shi da mutane, wata nawa za ka riƙe shi?

Na biyu, wanda ya mayar da Metallica abin da suka zama Cliff Burton ne, mai bes. Shi ne ya san ilimin kiɗa a cikinsu, shi ya koya musu yadda jita biyu ke tafiya tare kowace da muryarta, da yadda ake sassauta waƙa a tsakiya ta yi sanyi kafin a sake rufe ka da duka. Ka je ka saurari Master of Puppets na 1986 daga farko har ƙarshe, ba ka yankan komai, ba ka magana da kowa. Babu sunan Mustaine ko a waƙa ɗaya. A watan Satumba na shekarar motarsu ta kife a Suwidin, Burton ya mutu yana da shekara 24. Ƙungiyar da ta rasa irin wannan mutum ta kuma fito da baƙin faifan nan na 1991, wanda ya sayar da kofi sama da miliyan 16 a Amurka kaɗai, ba za ka ce da kayan wani take ci ba.

Sai murya. Hetfield in ya buɗe baki ka san namiji ya yi kira. Mustaine kuwa kamar mai yi maka magana haƙora a cije, yana ƙunƙuni. Na yarda Rust in Peace ba na wasa ba ne, kuma abin da Marty Friedman na Megadeth ya yi da jita a Tornado of Souls, Hammett bai taɓa kai wa nan ba. Wannan na ba ku. Amma faifai ɗaya ko biyu ba su ne gado ba.

Kuma ga abin da ba ka faɗa ba: wanda aka kora ɗin shi ya zama sarkin kora. Mutum fiye da ashirin sun shiga Megadeth sun fita. A 1987 ya sallami mai jita da mai ganga lokaci guda, a kan irin laifin da aka kore shi a kai. Ka duba wannan da kyau, tunda yanzu kai ma kana da yara a ƙarƙashinka.

Yar_Zuru:

Yaya Bagwandu, a hankali dai. Tunda lissafi ake, a yi shi duka.

Wa ya danne bes ɗin Jason Newsted a faifan Metallica na 1988 har ba a jin sa ko kaɗan, sabon yaro ya zo maye gurbin mamaci aka huce a kansa? Wa ya aske gashi a 1996 ya koma kiɗan da ko a shagon aski za a iya sawa? St. Anger na 2003 fa, inda gangar Lars Ulrich ke ƙara kamar yara na dukan gwangwanin manja? Kuma wannan Lars ɗin shi ya kai manhajar intanet ta Napster kotu a 2000 don mutane na musayar waƙoƙinsu kyauta. Malam mai walda, da ya san da mai tura maka waƙa a memori, da har Gusau sammaci zai iso.

Ni abin da ya fi ba ni haushi 2017 ne. Megadeth sun shekara da shekaru ana sa sunansu a Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, ba su ci ba. Ranar da suka ci da Dystopia, suna tafiya karɓar kyauta, makaɗan zauren suka saki Master of Puppets. A ranar farin cikin mutum a yi masa kiɗan kishiya! Shi dai ya daure ya yi kamar yana kaɗa jita a iska. Ni da kunne na zaɓi Megadeth, ba wanda ya taɓa kora ta daga ko'ina.

Abu_Hafsat:

Ku yi haƙuri da shisshigi. Ba waɗannan ne masu ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho ba? Ni dai na ji an ce kiɗan shaiɗanu ne. Mai walda, ka koma wa Ɗan Anace ɗinka ya fi maka.

Tsohon_Malami_Argungu:

Yarana, sannunku da gardama. Jikana ya nuna mini wannan zance, na ce a ba ni wayar.

Cikin 1978 gwamnatin tsohuwar Jihar Sakkwato ta tura mu kwas Birmingham, lokacin ba Kebbi ba Zamfara, duk gida guda muke. Garin maƙera ne, hayaƙi da ƙarar inji ko'ina, ginin jan bulo duk ya yi baƙi. Can munka fara jin Black Sabbath wurin ɗan mai gidan da munka zauna, yaron da ba ya rage sauti sai uwarsa ta buga rufi da sandar tsintsiya. Su waɗanda kuke gardama a kansu duk jikoki ne. Faifan Sabbath na farko ya fito 1970, Hetfield bai kai shekara bakwai ba.

Kai mai walda, labarin da ya kamata ka riƙe na Tony Iommi ne, mai jitar Sabbath, don ɗan sana'arku ne. Yana da shekara 17 yana aiki masana'antar ƙarfe, ranar da zai bar aikin ya koma kiɗa inji ya datse mashi kan yatsu biyu, na hannun da yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya liƙa fata a kai. Ya sa tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don kada su ci mashi ciwo. Sassautawar nan ita ta ba jitar wannan murya mai nauyi da duhu da kowa ya bi. Ka ga ashe kiɗan ƙarfe daga haɗarin shago ya samo kaurinsa. Ka riƙa sa safar hannu.

Batun kora kuwa, ba kan Mustaine anka fara ba. Sabbath sun sallami mawaƙinsu Ozzy Osbourne cikin 1979, ina can anka yi, shi ma a kan shaye-shaye. Ya tafi ya yi suna shi kaɗai har ya so ya shafe su. Amma da tsufa ya zo, su huɗun nan na asali sunka taru filin Villa Park na Birmingham ran 5 ga Yuli 2025, shi yana zaune bisa kujera don ƙafa ta ƙi. Metallica na cikin waɗanda sunka zo gaisuwa sunka yi wasa kafin su. Kwana 17 bayan nan Ozzy ya mutu. Su ma naku ai sun hau dandali guda a Bulgeriya cikin 2010, tare da Slayer da Anthrax, an ga Mustaine da Hetfield sun rungumi juna.

Malam Abu Hafsat, yatsun nan Ronnie James Dio ne ya yaɗa su, wanda ya gaji Ozzy. Wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, su can tsarin kambun baka ne, kamar yadda tsofaffinmu ke ɗaura wa jariri laya. Ban ce duk abin da ke cikin kiɗan nan mai kyau ne ba. Akwai ƙungiyoyin da ko sunansu ba ni bari a faɗa cikin gidana, kuma shaye-shayen da ya ci da yawansu ba abin koyi ba ne. Amma wanda ya ji Turanci ya san mafi yawan waƙoƙin waɗannan biyun a kan yaƙi ne, da ƙaryar 'yan siyasa, da yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa. Mustaine kansa ya tuba ya koma coci, har ya yi shekaru ya ƙi rera wata tsohuwar waƙarsa ta tsafi.

In kun matsa sai na zaɓa: Metallica sun fi iya gina waƙa, Megadeth sun fi iya kaɗa ta. A dambe ma akwai mai kyawun tsayuwa, akwai mai saurin hannu, kuma 'yan kallo ba su taɓa haɗa baki ba tun zamanin Shago da Ɗandunawa.

Mai_Walda_Gusau:

Baba, Allah ya ƙara girma, na gode. Safar hannu akwai, zafi ne ke hana mu sawa, amma na ji.

Malam Bagwandu, maganarka ta ƙarshe ta same ni inda ban zata ba. Ina da yaro a shago, hannunsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba, bakinsa kuma ba linzami. Satin da ya wuce har na ƙirga kuɗin mashin ɗinsa na sa a aljihun gaba. Suna nan ban miƙa ba tukuna.

Jiya na yi gwaji da shi, tunda bai san kowa ba cikinsu, bai kuma jin Turanci. Na sa masa Master of Puppets a lasifikar shago, sannan na sa Holy Wars ta Megadeth. Ya tsaya da guduma a hannu ya saurara har ƙarshe. Na ce wanne ya fi? Ya ce, “Oga, na farkon waƙa yake yi. Na biyun kamar yana da magana da wani.” Mai caji ya yi ta dariya har da buga benci, wai an yanke hukunci. Ni kuma na ce ai shi ya sa nake son na biyun.

Yar Zuru, wannan St. Anger ɗin ban taɓa ji ba. In gangar ta kai yadda kika faɗa, gobe da sassafe zan sa wa mai caji ita kafin ya buɗe shago.