Shawarwari kan dafa pozole na kaza a gida

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata maƙwabciyata 'yar Meziko a nan birnin Houston na Amurka ta ba ni labarin pozole, romon masara da suke ci a daren 15 ga Satumba lokacin bikin 'yancin ƙasarsu. Da yake yawanci da naman alade suke yin sa, ina neman shawarar wadda ta taɓa dafa na kaza.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yata. Na kaza ma sanannen abu ne a wurinsu, amma ki sani cewa masarar ce ke yanke hukunci a wannan girki. Suna amfani da wata farar masara mai manyan ƙwayoyi da ake kira cacahuazintle, wadda ake tafasawa da farar ƙasa irin ta abinci (wato lime, sinadarin calcium hydroxide), kimanin giram 10 ga kilo ɗaya, a bar ta ta kwana a cikin ruwan, sannan da safe a murje ta a wanke sosai har ɓawon ya fita. Bayan haka ki cire ɗan kan da ke gindin kowace ƙwaya, domin shi ne ke hana ta buɗewa idan ta dahu. Aikin yana cin lokaci, amma ban yarda a tsallake shi ba. Kuma kada ki sa gishiri sai ƙwayoyin sun fashe.

Maman Biyu: Hajiya, surfaffiyar masara irin tamu ba za ta yi ba?

Hajiya Babba: Za ta dahu, sai dai ba za ta ba ki wannan ƙamshin ba, saboda farar ƙasar ce ke sauya ɗanɗanon masarar, kuma ita ce ke sa jiki ya amfana da sinadarin niyasin (bitamin B3) da ke cikinta.

Anti Malama: Ga mai aiki, masarar gwangwani da aka riga aka gyara ta wadatar, in dai an zubar da ruwanta an ɗauraye ta. Ni na fi damuwa da jan barkonon. Ki samu busassun barkonon Meziko nau'in guajillo da ancho, ki cire 'ya'yan, ki ɗan gasa su a busasshen kasko ba tare da sun ƙone ba domin suna yin ɗaci, ki jiƙa su a ruwan zafi, ki markaɗa da tafarnuwa da albasa, sannan ki tace a zuba cikin romon cinyoyin kaza. Wannan shi ne ja, irin na jihar Jalisco. A jihar Guerrero kore suka fi so, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kabewa.

Autar Zaure: Anti, mu da ke Kano fa?

Anti Malama: Ƙanwata, busasshen tattasai ya fi kusa da guajillo da ancho, amma ki rage attaruhu, domin launi da ƙamshi ake nema. Ki yayyanka ɗanyen kabeji da albasa da lemon tsami a kawo su daban, kowa ya zuba a kwanonsa yadda yake so.