Alagna ya yi daidai da ya fice daga dandalin La Scala?

Hadiza: Salam jama'a. Jiya na sake kallon bidiyon nan na Disamban 2006, mawaƙin opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) Roberto Alagna a gidan opera na La Scala da ke Milan, yana gama waƙarsa ta farko a wasan Aida sai 'yan saman bene suka hau yi masa ihun rashin yabo, shi kuma ya juya ya fice abinsa. Ni dai na ce ya yi daidai.

Malam Sabo: Haba Hadiza, daidai ta ina? Mutane sun sayi tikiti, makaɗa na tsakar kiɗa, matar da za su yi waƙa tare tana tsaye ita kaɗai, sai wani mawaƙi, Antonello Palombi, aka turo da wandon jins ya karɓa don ko kayan wasan bai samu sawa ba. Wannan ai barin abokan aiki cikin kunya ne.

Hadiza: Malam ka duba inda ya fito mana. Ɗan baƙi 'yan Sisili ne, an haife shi a Clichy-sous-Bois a gefen Paris 1963, a gidajen rawa na dare ya fara waƙa kuma yawancin abin shi ya koya wa kansa har ya ci gasar shahararren mawaƙi Pavarotti a Amurka a 1988, matarsa ta farko ta rasu 1994 ta bar masa ƙaramar yarinya kuma a shekarar ya girgiza Landan da ya fito a matsayin Romeo. Mutum irin wannan ne za a wulaƙanta don waƙa ɗaya?

Bashir: Anti Hadiza wlh ina tausayinsa amma 'yan benen nan ba su ƙyale kowa ba fa, Pavarotti kansa sun yi masa ihu a 1992 a wasan Don Carlo, ya daure ya ƙarasa wasan.

Malam Sabo: Yauwa Bashir. Kuma La Scala ɗin ce ta ɗaga shi tun 1990 da jagoran makaɗa Muti ya sa shi a wasan Traviata.

Hadiza: To shi ya sa abin ya fi masa ciwo ai. Opera babu makirfo, da maƙogwaronka kaɗai za ka rinjayi makaɗa ka cika zaure, in zuciya ta ɓaci murya shaƙewa take yi, da me zai yi sauran wasan?

Bashir: Wannan kam gaskiya ne Anti. Amma da ya ƙarasa kashin farko tukuna, in an sauke labule sai ya ce ba zai koma ba.

Malam Sabo: Da haka ya yi da ban ce komai ba.

Hadiza: Ni har yanzu ina bayansa Malam.