Shawara: ta ina za mu rage ruwa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi?

Mai zanen gini: Slm jama'a, an ba mu zanen rukunin gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, bene hawa uku, an ce sai mun nuna yadda za a rage amfani da ruwa amma kasafin ba yawa. Ta ina zan fara dan Allah?

Mai aikin famfo: Wslm. Fara da bayan gida, nan ruwa yake tafiya. Tsofaffin tankunan nan ja ɗaya lita 9 zuwa 13 suke zubarwa, mai madanni biyu kuwa lita 6 ne babba 3 ƙarami, akwai ma na 4.5 da 3. Sai shawa, samo kan da bai wuce lita 8 a minti ba, ka sa 'yar rariyar nan mai haɗa iska da ruwa a bakin kowane famfo.

Mai kula da gidaje: Oga ni fa mai madanni biyun nan ina da ja a kai. Robar ƙasan tankin in ta ci ko datti ya maƙale sai ruwa ya dinga silalewa cikin masai shiru ba ƙara, a rana ɗaya ana iya asarar lita 200 zuwa 400, kuma ɗan haya ba zai taɓa faɗa maka ba tunda ba ɗakinsa ya jiƙe ba. In za ku saka toh ku saka iri ɗaya duk rukunin, wanda robarsa ke samuwa, kar kowane hawa da nasa samfurin.

Mai aikin famfo: Wannan kam haka ne. Kuma a kula da gangaren bututun kwata, ruwa kaɗan in fayif ya kwanta toshewa zai yi, mutane su koma ja sau biyu, an koma gidan jiya kenan.

Injiniya: Ranka ya daɗe ka fara sa wa kanka adadi tukuna. A Ingila dokar gini lita 125 ce ga mutum ɗaya a rana a sabon gida, wasu yankunan 110. Ka lissafa kayanka ka ga ina ka faɗa. Sai mitar ruwa a kowane gida, da babba ɗaya a mashigar ginin, in babbar tana juyawa da tsakar dare kowa na barci ka san akwai yoyo. Ka sa bawul ɗin rage matsi a hawan ƙasa, su ruwa ke duka da ƙarfi.

Mai zanen gini: Tara ruwan sama da sake amfani da ruwan wanka fa? Masu aikin sun fi ɗokin wannan wlh

Injiniya: Ruwan sama lissafinsa sauƙi, milimita 1 na ruwan da ya sauka a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne, ka cire kamar kashi 20 cikin 100 na asara. Matsalar bene ita ce rufi ɗaya ne iyalai da yawa a ƙarƙashinsa, ba zai ishi kowa ba, ka bar shi wa shuke-shuke da wanke harabar gida, kuma ruwan farko mai ƙurar rufi a karkatar da shi kar ya shiga tanki.

Mai kula da gidaje: Na wanka kuma a yi hattara, in ba a tace ba ya kwana ya wuni wari yake, na kicin ma kar a haɗa saboda maiƙo. Rukunin gidajen BedZED a Landan da aka gama 2002 da na'urar tace ruwansu aka buɗe, bayan 'yan shekaru ta tsaya, kula da ita ya yi nauyi. Waye zai wanke matata, waye zai biya wutar injin? In ba amsa a rubuce ni dai ban ba da shawara ba.

Mai aikin famfo: In sun nace, ja bututun daban tun yanzu da launi daban don kar wani ya haɗa da na sha, na'urar ta biyo baya in kuɗi sun samu. Fasa bango daga baya shi ne tsadar.

Mai zanen gini: Na gode sosai. Injiniya mitocin a ƙofar kowa zan jera su ko ɗaki ɗaya a ƙasa?

Injiniya: Ɗaki ɗaya a ƙasa mai makulli, kowace mita da bawul ɗinta da lambar gidan a jiki.