Bizar fita da dawowa a Saudiyya: wata huɗu a gida, igama saura wata uku

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wani kamfani a Jidda, ina so in je Kano in yi wata huɗu, amma saura wata uku igamata (katin izinin zama) ta ƙare. Za a ba ni khuruj wa auda (bizar fita da dawowa) haka? Nawa ake biya, kuma me zai faru in na makara ban dawo ba?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ba za a ba ka wata huɗu ba, domin wa'adin bizar ba ya wuce na igama. Kamfani ya fara sabunta igamar tukuna. Ba dole sai ta shekara ba, ana yin ta wata uku ko shida.

Kuɗin bizar tafiya ɗaya riyal 200 ne na wata biyu, kowane wata da aka ƙara riyal 100, naka ya kama 400 ke nan. Mai shiga da fita sau da yawa 500 ce na wata uku, ƙarin kowane wata 200, ba ka bukatarta. A biya ta SADAD (tsarin biyan kuɗi ta banki) da lambar igamarka, sannan a fitar da ita a Absher ko Muqeem (shafukan intanet na hidimomin gwamnati). Abin da ya fi tsayar da ita: tarar mota da ba a biya ba, ko fasfo da bai kai kwana 90 kafin ya mutu ba.

Malam na Sharafiyya:
Ɗan'uwa, ka karanta bizar da idonka kafin ka sayi tikiti. In da watanni aka rubuta ta, kamar wata huɗu (kwana 120), lissafi na farawa ne daga ranar da ka fita ƙasar. In kuwa an sa mata ranar da za ka dawo kafinta, to wannan ranar ce iyaka, ko ka tashi da wuri ko ka yi jinkiri. Ka kuma duba ko kwanan watan na Hijira ne, nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ni dai shawarata, ka sa dawowarka mako guda kafin wa'adin, saboda ana ɗage tashin jirgi.

In ka fasa tafiyar, a soke bizar kafin ta ƙare. Barinta haka tarar riyal 1,000 ce.

Hajiya Ummu Fahad:
Game da makara, Malam, ana iya tsawaita ta kana gida, amma kuɗin ninki ne, riyal 200 kowane wata a bizar tafiya ɗaya. Kafili, wato kamfaninka, shi ne zai yi daga Saudiyya, kuma sai igamar tana da sauran wa'adi. Shi ya sa sabuntawa kafin tafiya ta fi kwanciyar hankali.

A da, wanda ya fita bai dawo ba ana hana shi shiga shekara uku. An ɗage wannan a farkon 2024. Duk da haka, in Jawazat (hukumar shige da fice) ta rubuta ka a matsayin wanda ya fita bai dawo ba, igamar ta tafi, sai sabuwar bizar aiki daga tushe. Don Allah ku daidaita da kamfani a rubuce kan wanda zai tsawaita da wanda zai biya, tun kana Jidda.