Shin "press" da "push" da "squeeze" duk abu ɗaya ne?

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Ni a ganina muna wahalar da ɗalibai a banza kan kalmar "press". Ma'anarta ɗaya ce, wato ka ɗora ƙarfi a kan abu. "Push" da "squeeze" da "compress" da "crush" duk dangi ne. A jarrabawar JAMB abin da ake nema shi ne kalmar da ta fi kusa da ma'ana, don haka yaro ya haddace su rukuni guda, a ce masa da Hausa "danna" ne, shi ke nan.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda ba. Dangi ne, amma kowace da aikinta, kuma tambaya uku ke raba su. Ƙarfin daga gefe ɗaya yake zuwa ko daga gefe biyu? Abin ya bar inda yake? Me ya same shi bayan an gama? A "press" ƙarfin daga gefe ɗaya ne, abin yana jingine da wani abu mai tauri, bai tafi ko'ina ba: danna. A "push" ana so abin ya gusa gaba: tura. Mota ta mutu a hanya, turawa ake yi, ba wanda zai ce a danna ta. A "squeeze" ana haɗo abin daga gefe biyu ko ta ko'ina, galibi don wani abu ya fito daga ciki: matsa, kamar lemun tsami ko man goge baki. "Compress" rage girman abu ne, ya shige wuri ƙarami. "Crush" kuwa abin ya lalace, ya murƙushe. Hausa ta riga ta raba su tun tuni, me zai sa mu cure su wuri ɗaya don muna koyar da Turanci?

Sista: Malam, a wajen aikin lafiya wannan curewa tana da haɗari. Takardar da ke cikin kwalin magani da waɗannan kalmomin ake rubuta ta. Idan rauni yana zubar da jini, umarnin "press firmly" ne: a sa ƙyalle mai tsabta a danne wurin da tafin hannu, a riƙe aƙalla minti 10 ba a ɗaga ana leƙawa. Ɗagawar tana ɓare gudan jinin da ya fara daskarewa, sai a koma farko. In ƙyallen ya jiƙe a ƙara wani a kansa, kada a cire na ƙasa. Amma maruru, umarninsa "do not squeeze" ne, kada a matse, domin matsawa tana tura mugunya cikin nama, musamman a fuska. Wanda aka koya wa cewa kalmomin ɗaya ne yaya zai yi da waɗannan umarni biyu?

Sai maganin ɗigawa a ido. Jimla ɗaya tana ɗauke da biyun: a matsa kwalbar ɗigo ɗaya ya faɗa, sannan a rufe ido a danne lungunsa na wajen hanci kamar minti 1, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. Ƙwayar da aka yi don ta narke a hankali kuma ana rubuta "do not crush". In aka murƙushe ta, maganin da zai bi jiki cikin awa 12 ko 24 sai ya shiga lokaci guda.

Malamin Turanci: Malama Sista, na karɓi batun "crush", ya fita daga rukunin. Amma sauran fa? Bature yana cewa "press the button", yana kuma cewa "push the button", duk daidai ne. Ana rubuta "pressed juice" a kwalba, ana rubuta "squeezed juice". Wajen farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, wani littafin ya ce "press", wani "push", wani "compress". To ina bambancin?

Sista: A nan sun haɗu, gaskiya ne, saboda adadi ne ke riƙe da ma'anar. A tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum, sau 100 zuwa 120 a minti, a bar ƙirjin ya dawo kafin a sake, dannawa 30 sannan hura iska 2. Kowace kalma aka zaɓa, hannu abu ɗaya zai yi. Haɗuwarsu a wuri ɗaya ba ta sa sun haɗu ko'ina ba.

Tela: Bari in shigo da na ɗinki. Mu nan in an ce "press" kaya, guga kawai muke ji. A sana'ar kuwa "iron" da "press" aiki biyu ne. Na farko ka ja dutsen guga gaba da baya a kan rigar da aka gama, don tamoji ya fita. Na biyu ka ajiye dutsen a kan ɗinki, ka danna 'yan daƙiƙu, ka ɗaga, ka matsa gaba, ba ja. Haka ake kwantar da bakin ɗinki da kwala da abin da ake manna wa cikin wuyan riga. In ka ja dutsen a wurin, yadin zai miƙe, musamman wanda aka yanka a karkace, wuyan ya murɗe kuma ba ya gyaruwa. Ku duba alamar dutsen guga a jikin riga: ɗigo ɗaya kusan digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Yadi mai duhu a shimfiɗa masa farin ƙyalle kafin a danna, in ba haka ba ya yi ƙyallin ƙuna. Shadda kuma da ake kai wa masu bugu, wannan duka ne da itace, ba ya cikin ko ɗayansu.

Barista: Ranka ya daɗe Malam, matsalar "danna" ta fi fitowa in an bar hannu an koma magana. "Press charges" neman a gurfanar da mutum ne, mai ƙorafi ya tsaya kan ƙararsa. "Press for" matsa lamba ne a biya wata buƙata, kamar ƙungiyar ƙwadago kan ƙarin albashi. "Press on" ci gaba ne duk da wahala. "Pressing matter" batu ne na gaggawa. "Pressed for time" lokaci ya ƙure wa mutum. Ka sa "squeeze" a gurbin "press" a mafi yawansu ka ji yadda zancen zai watse. "Push for" kuwa yana iya zama a gurbin "press for".

Mai Fassara: Akwai ma abin da ya fi wannan. Kalmar "press" da muke magana a kanta ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, daga Latin "pressare". Daga na'urar matse inabi da zaitun aka samu sunan na'urar buga littafi ta Gutenberg a Jamus wajen 1450, daga nan sunan ya bi 'yan jarida, har "press conference" ya zama taron manema labarai. Amma "press" na kama mutane a sa su aikin sojan ruwa dole, kamar yadda aka yi a Ingila a ƙarni na 18, asalinta daban ne. Daga "prest" ta fito, kuɗin kafin alƙalami da ake ba wanda aka ɗauka soja. Kalma biyu ce rubutu ya haɗa su, don haka maganar ma'ana ɗaya tal ba ta tsaya ba.

Malamin Turanci: Na ji, amma ina nan kan rabin maganata. Ɗalibi mai mintuna kaɗan a ɗakin jarrabawa yana bukatar ya san su dangi ne kafin ya san inda suka rabu. Abin da zan janye shi ne "danna" ta isa. A ba yaro kowace kalma tare da abin da take aiki a kansa: maɓalli, ƙofa, lemu, ƙirji, ƙwaya. Ya haddace su biyu-biyu.

Mai Fassara: Wannan ya fi, Malam, sai dai ka ƙara ƙafa a lissafin. Littafin mota yana cewa "depress the clutch" ko "press the brake", mu kuwa taka kuloci da taka birki muke cewa. Wanda ya rubuta "danna birki" direba zai gane, amma zai san fassara ce.

Sista: A ƙara murfin kwalbar magani mai hana yara buɗewa, don ba iri ɗaya ba ne. Mai "push down and turn" ana danna shi ƙasa da tafin hannu a murɗa. Mai "squeeze and turn" ana matse gefensa biyu da yatsa, inda aka yi zane, sannan a murɗa. In aka yi wa ɗaya abin ɗayan, murfin zai yi ta juyawa bai buɗe ba, har mutum ya sa wuƙa ya fasa shi, kwalbar ta zauna a buɗe inda hannun yara ke kaiwa.